Bangon Tafuka

Rana na gab da faɗuwa dutsen farko ya faɗo cikin tukunyar tuwo, a gidan Malama Khadijatu da ke Goronyo. Aka leƙa waje, ba kowa.

Khadijatu malamar zane ce. Tun bazara ta shafe bangon ƙofar gidanta da farar ƙasa, ta ajiye ƙoren shuni da na jan yumɓu, ta ce duk wanda ruwan dam ya ci garinsu ya tsoma tafin hannunsa ya buga. Masu wucewa su ne masu zanen. Sharaɗinta guda: mutum ɗaya, tafi ɗaya. Sai dai kwana ɗaya kafin jifan, da magariba, ta sake shelar, ta ce kowa da kowa, kuma ƙoren suka kwana a buɗe.

Jifa ya ƙi tsayawa. Tafuka suka bayyana can sama, inda hannun mutum ba ya kaiwa. Sannan 'yarta Hauwa'u ta bar cin abinci, tana wuni gaban bangon tana magana da muryar tsoho.

Aka ɗauko Malam Yusha'u. Ya yi ta karatu har yarinyar ta durƙusa.

"Mi kaka so ga ɗiyar mutane?"

"Kirana anka yi," in ji muryar. "Tsamiyata na ƙarƙashin dam. A wanke hannuwan bil'adama, a bar min bangon, in sake ta."

Malam ya juyo. "Ai bango ɗai na, Malama. Ɗauko ruwa."

Khadijatu ta dubi tafin mahaifiyarta, wadda ta rasu da damina. Amma ƙwaryar shuni ta ɗauko, ta dire gaban yarinyar.

"Ruwa ya ci mu sau guda, ba ni wanke su da hannuna. An tashe ka, mu ma an tashe mu. Tahi guda, kamar kowa. In ba ka so, Malam shi ci gaba da karatu."



"Can bisa?" muryar ta tambaya.

"Cikin mutane."

Hannun hagun Hauwa'u ya nutse cikin shunin, ya bugi bango. Ta yi atishawa, ta ce, "Inna, yunwa."

Da safe tafukan sama sun ɓace. Saura guda a tsakiya, mai dogayen yatsu, kusa da na tsohuwa. Khadijatu ta fito da ƙorenta kamar kullum. Kafin magariba ta rufe su da faifai.