Zuwa Ƙirji Kaɗai

"Sauke amawalin nan, Alkasum."

Ya tsaya rungume da daron rairayi, idanunsa kaɗai nake gani ta tsakanin rawani.

"Suwaiba... gaban mutane?"

"Ni ce kine a ɗakin nan. Sauke."

Aikina na kine, mai motsa gaɓoɓi a likita, wato asibiti, shi ne gwada ƙarfin masu jinya kafin a ce su koma sana'a. Alkasum magini ne. Ana gab da kai goronmu ya faɗo daga katanga a tsohon gari, kafaɗarsa ta goce. Baba ya ce ba ya ba da 'yarsa ga maginin da bai iya hawa gini. Bashir ɗan gwaggona, mai mota, shi ke hura wutar, kullum yana zaurenmu da dabino da gulma.

Abokin aikina ya riga ya gwada shi, wai bai ga ciwo a fuskarsa ba. Wace fuskar? Namijin Agadas in ya rufe baki da hanci, ko wuƙa ake daɓa masa ba ka ganewa.

Ya sauke. Bakin rawanin ya jiƙe sharkaf, duk shaidar haƙora.

"Ɗaga daron sama da kai."

Ya kai shi kafaɗa, hannun ya kama rawa, rairayin ya zubo mini a ƙafa.

"Rabin raina, ki ce na iya," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Gobe in hau, jibi in je gaban Baba."

Wallahi na so in faɗa, har bakina ya buɗe.

"Zuwa ƙirji ka iya. Sama da haka, a'a. In ka hau tsani da hannun nan, gawarka za a kawo mini."

"To, kin ba Bashir nasara ke nan."

Ya fita bai waiwayo ba. Na ji ya tafi ƙauyen Tabelot, garkar albasar kawunsa.

Na yi kewarsa, kewa mai hana cin tuwo. Duk maginin da na hango kan katanga sai in tsaya kamar sakarya. Motar albasa in ta shigo kasuwa, sai na leƙa wa ke zaune samanta. Na kama waya na aje ban san iyaka ba. Me zan ce masa? Ko yau aka sake gwajin, amsata ɗaya.

Da zafi ya wuce, Baba ya kira ni.

"An ce ke da bakinki kika hana shi hawa."

"Ni ce, Baba."

"Kin san abin da zai jawo miki?"

"Na sani. Gara in rasa shi yana raye."

Baba ya gyara zama.

"An kai masa aikin soro har Tabelot, ya ƙi, wai likitarsa ba ta yarda ba. Na sallami mutanen Bashir. Kira shi."

Na danna lambar.

"Suwaiba..." Muryarsa ta karye. "Kullum ina yin motsin da kika koya mini. Har yau ban wuce ƙirji ba."

Hawaye suka zubo mini.

"Zo haka nan, masoyina. Sauran a ɗakinmu za mu ƙarasa."