Kamun Gwaggo Indo

Ranar kasuwar Makarfi ce. Zakiyyu na zaune gaban kwamfutarsa a ƙuryar shago, garin katako har a girarsa, sai wata doguwar dattijuwa ta yi sallama. A bayanta akwai wata budurwa mai farin gilashi, riƙe da jakar dattijuwar. Ya miƙe zai ba su benci, ya yi tuntuɓe da gwangwanin fenti.

Zakiyyu kafinta ne, amma ba irin na layin ba. Shekara biyu ya yi yana koyon zane a kwamfuta daga bidiyon waya, har ya haɗa wata dabara: jadawali mai gidaje-gidaje, ka rubuta tsawon ɗaki da faɗinsa, zanen ya zaɓi kayan da kansa. In ɗakin babba ne ya ɗauko gado ƙafa shida da sif mai ƙofa huɗu. In ƙarami ne ya rage, har yawan katako da ƙusa ya lissafa maka.

Dattijuwar ta ce sunanta Gwaggo Indo, daga Kurmin Kogi suke. Kayan ɗakin 'yar ƙaninta Hussaina take so, za a kai ta Taba nan da wata biyu. Wannan kuma ƙanwar amarya ce, Rumaisa. Da ya tambayi awon ɗakin, ta ce tsawo tara, faɗi takwas.

Rumaisa ta leƙa allon, ta tambaye shi yadda lamba ɗaya take canza gado. Ta ce ta yi wata shida a makarantar kwamfuta a Ikara, ba a nuna musu wannan ba. Zakiyyu ya buga tara da takwas ba tare da ya dubi allon ba, ya shiga bayani. Bayanin ya yi tsawo har Gwaggo ta tambaya ko gadon ake sassaƙawa da baki.

Lambar wayar Rumaisa ya karɓa saboda aiki. Cikin mako uku aikin ya koma haka:

"Injiniyata, yau sau biyu na buge yatsana. Ke ce sila."

"Mai guduma, ka riƙa duba ƙusa. Ni ban aike ka ba."

Da abin ya yi nisa, ya roƙi Kawu Yahya ya je Kurmin Kogi ya nema masa izini wurin mahaifinta, Malam Maiwada. Don ya burge su, ya buga zanen kayan Hussaina a takarda, ya sa a ambulan, ya ba Kawu ya tafi da shi. Bai ko duba zanen ba, ya yarda da injinsa.

Kawu ya dawo bai cire hula ba ya fara faɗa. Ya ce ana tsakar gaisawa a zaure aka shiga da takardar cikin gida, sai muryar Gwaggo Indo ta tashi har bakin titi. Gadon mutum ɗaya aka zana wa amarya, irin na asibiti, da sif mai ƙofa ɗaya tal, madubi ma babu. Malam ya ce yaron da ke barin akwati ya yi masa tunani bai isa riƙe mace ba. Ga shi kuma Safiyanu, dillalin rake daga Kudan, wanda ya daɗe yana zarya kan Rumaisa, ya ce shi zai ɗauko saiti daga Kano a huta.

Saƙonta ya shigo kafin Kawu ya gama:

"Ashe haka ka ɗauke mu? Hussaina tana ta kuka. Kada ka kira ni."

Zakiyyu ya buɗe jadawalin ya duba. Gidan awo na ƙafa ne. Gwaggo kuwa da kamu ta auna, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, yadda gwaggonni ke yi. Ɗaki ƙafa tara ya ba injin, injin ya ba shi kayan ɗaki ƙafa tara.

"Injiniyata, kamu aka faɗa mini na rubuta ƙafa. Ban tambaya ba, don lokacin ba allon nake kallo ba. Ki yi mini hukunci, amma ki amsa."

Kwana huɗu suka wuce. A na biyar ta rubuto: "Baba ya ce ka yi kayan. In sun zauna daidai ranar jere zai sake saurarar Kawu. In ba su zauna ba, ka manta hanyar gidanmu."

Ya ce to bari ya hau babur ya je Taba da tef ya auno ɗakin da kansa. Ta ce kada ya soma. Ɗakin amare ashirin da uku Gwaggo ta auna, ba a taɓa bin bayanta da tef ba, in ta ji labari maganar ta mutu. Mafita ɗaya ce, a auna Gwaggon.

Rumaisa ta ce wa Gwaggo tela na son awon hannu don ɗinkin anko. Gwaggo ta miƙa hannu tana ta labari, aka samu inci goma sha tara. A cikin labarin ne ta ambaci cewa ranar da ta je awon ɗakin bayanta ya riƙe, tsawo kawai ta auna, faɗin Inna Mero da ta raka ta ce ta ƙarasa. Inna Mero kuwa gajera ce ta gaske. Sai tela ya sake bukatar wani hannun: inci goma sha shida.

Zakiyyu ya ƙara gida biyu a jadawalin, ɗaya na kamun Gwaggo, ɗaya na kamun Inna. Gado ya koma ƙafa shida, madubi ya dawo, sif ta tsaya a ƙofa uku. Da a ce hannun Gwaggo kaɗai ya bi, da ta zama ƙofa huɗu, ta tokare bango.

Ranar jere kaya suka shige ɗakin Hussaina, tsakanin sif da bango yatsa biyu. Gwaggo ta bi matan biki ɗaya bayan ɗaya tana gaya musu awonta bai taɓa ƙarya ba.

Bayan biki Malam Maiwada ya kira shi zaure, ya tambaye shi wa ya gano gyaran, shi ko akwatin.

Zakiyyu ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, ba ni ba ne, ba shi ba ne. Rumaisa ce."

"Na sani. Tun da na ga tana auna hannun Mero wai don tela, alhali ba ta sa riga mai hannu." Malam ya gyara zama. "Akwatinka abin da aka ba shi yake yi, kai kuma ba ka duba abin da ka ba shi. Ku biyun kuna bukatar mai sa ido. Ni ba zan iya barin ku haka ku ɓata wa 'ya'yan mutane ɗaki ba. Ka turo Kawunka."

Safiyanu ya daina zarya. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura auren Zakiyyu da Rumaisa a ƙofar gidan Malam, mutanen Makarfi da na Taba suka cika wurin. Da za a fita da amarya, Gwaggo Indo ta kama hannunta ta damƙa wa ango, ta ce ita ta fara ganin hankalin yaron nan tun ranar farko, ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kowa ya ce amin, har Inna Mero da ke ɗage a baya don ta hango su.