Zauren Da Ba A Rufe Ba

Muryar ɗana ba ta nan yanzu. Sau biyu na rasa ta, na biyun kuwa da bakina na sallame ta.

Shi ne ɗan farina, don haka ban taɓa kama sunansa ba. Babba nake ce masa. Lokacin da aka fara buɗe kafe, wato shagunan shiga intanet, a Birnin Kebbi, shi ke tsaron wani kusa da gidanmu a Badariya. A can ya kafa zaure a intanet, ya sa masa suna Zauren Gulbi. 'Yan Argungu da Gulma da suka watsu Legas da Sudan nan suke haɗuwa, su ji wa ta haihu, wa ya rasu, ko ruwa ya ci shinkafa bana. Kullum da la'asar ya rubuta sallama, da magariba ya rufe da addu'ar tashi daga majalisa. Da manyan wayoyi suka zo, mutane suka watse. Shi bai daina ba. Shekara biyu yana sallama inda ba kowa.

Ranar da mota ta kife da shi a hanyar Argungu ya rasu, ya yi sallamar, bai kai ga rufewa ba.

Bayan shekara uku, ƙanwarsa Hanifa ta tsinci lambar sirrinsa a wani littafi. Ana kiran magariba ta shiga zauren da wayarta, tana zaune bakin murhu. Dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu. Kaji suka yi tsit. Hanifa ta ɗago kai a hankali, ta ce, "Inna, tuwonki na ƙonewa." Muryar yayanta ce.

Ban kira kowa ba. Wannan shi ne laifina. Kwana tara, kowace magariba in duwatsu sun fara, sai in shimfiɗa tabarma kusa da ita. Muryar tana maimaita abin da Babba ya rubuta a zauren tun farko. Ashe har ni ya sa: wai innarsa ba ta kiran sunansa, amma in ta dama fura shi ke samun gindin ƙwarya. Ina kuka, ina ƙara matsawa. Hanifa kuwa ba ci, ba sha.

Goggo Laure, yayar mijina, ta shigo ta gan mu.

"Ɗayyaba, mi nike gani? Biyu kike son binnewa?"

Washegari ta taho da Malam Zulkifli daga Gulma. Ya zauna, ya yi ta karatu har rana ta faɗi. Hanifa ta sanƙare.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Ɗan gidan ga ne."

"Ƙarya kake. Matacce bai dawowa."

Sai muryar ta sauya, ta tsufa.

"Kango na tarar, na shiga. Shekara biyu yana sallama, ni kaɗai ke amsawa. Rannan ya yi sallama, bai sallame ni ba. Jira nike."

"To, yau za a sallame ka. Saki yarinya."

Aljanin ya juyo da fuskar Hanifa gare ni, ya koma muryar ɗana. "Inna, ki bar min ita da magariba kaɗai. Rubutun shekara takwas ne, ko rabi ba ki ji ba."

Malam bai tsawata ba. Ya dube ni ya ce, "Zauren ɗanki ne. Ke za ki rufe."

Allah ya sani, na so in ce a ƙara min dare ɗaya. Sai na ga awarwaron Hanifa ya zame daga hannunta ya faɗi ƙasa, don babu naman da zai riƙe shi.

Na karanta addu'ar tashi, Malam yana rubutawa a wayar da yatsa ɗaya. Da na kai ƙarshe, muryar ta ce, "Mu kwana lafiya, Inna." Hanifa ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido.

"Inna, yunwa nike ji," ta ce, da muryarta.

Tun ranar dutse bai sake faɗowa ba. Magariba takan zo ta wuce shiru.

Yana raye kunya ta hana ni, yau zan faɗa don ku san wanda za ku roƙa wa. Sunansa Munzali. Allah Ya haskaka kabarin Munzali, Ya amsa masa sallamarsa a inda ba a watsewa, Ya raya min Hanifa. Ku taya ni da amin.