Ka Tashi Ka Nuna Min

A bayan wata makaranta akwai wani dogon ɗaki mai shimfiɗar roba. A nan Malam yake koyar da kareti, wasan kare kai da naushi da shuri, yau shekara talatin ke nan. Da ƙuruciyarsa ya zaga ƙasashe yana gasa. Lambobin da ya ciyo sun cika bango.

Bara mota ta buge shi. Ya fito daga asibiti a kan keken guragu. Iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu, amma Malam bai rufe ɗakin ba. Kullum da la'asar sai ya ɗaura baƙar ɗamararsa, ya turo kekensa ya shigo.

Cikin yaran da suka rage akwai wata yarinya da ake kira Auta. Ɗamararta koriya ce. Babu wanda ya kai ta iya shuri, ita ma ta san haka.

Ran nan suna atisaye, Malam ya ce, "Auta, in kin kai shuri kina sauke hannun hagu. Ɗaga shi ki kare haƙarƙarinki."

Ta sake yi, ya sake gyara mata. A karo na huɗu ta riƙe ƙugu.

"Malam, in ba daidai nake yi ba, ka tashi ka nuna min mana."

Malam ya dube ta, bai ɗaga murya ba.

"Kwance ɗamararki ki ajiye nan. Ranar da kika shirya koyo, sai ki dawo."

"Ba zan dawo ba," in ji Auta. Ta jefar da ɗamarar ta fita.

Da ta ba Mama labari, Mama ta ajiye gugar da take yi.

"Da bakinki kika faɗa masa haka? Gobe ki je ki ba shi haƙuri."

"Ni ba inda zan je, Mama. Zan koya wa kaina."

"To, Malama Auta. Allah ya ba da sa'a."

Mako uku Auta tana atisaye ita kaɗai a bayan gida. Da gasar makarantu ta zo, ta ari ɗamara ta shiga. Aka haɗa ta da wata 'yar ƙaramar yarinya. Auta ta yi dariya a ranta.

Ta kai shuri. Kafin ƙafarta ta sauka, naushi ya same ta a haƙarƙarin hagu. Ta sake kaiwa, aka sake samun ta a wurin. Sau uku haka. Alƙalin wasa ya ba yarinyar nasara.

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mama ta miƙa mata ruwa, ta ce, "Kin san hanyar ɗakin ai."

Washegari ta riga kowa zuwa. Daga bakin ƙofa ta hango Malam. Ya kama wani ƙarfe da aka kafa a bango, yana son ya miƙe. Gumi na zuba masa. Ya faɗi cikin keken. Ya huta, ya sake kamawa. Auta ta ƙirga sau tara.

Ta shiga ta durƙusa.

"Malam, ka yafe min. Na yi rashin kunya."

"An same ki ta hagu ko?"

"Sau uku."

Malam ya yi murmushi, ya goge fuskarsa.

"Likita ya ce na gama koyarwa. Na ce masa ƙafafuna ne suka tsaya, idona na nan. Ni ma ina da taurin kai, Auta, har na fi ki. Amma wahala nake yi wa, ba mai gyara min kuskure ba."

Ya buɗe akwati ya miƙo mata ɗamararta.

"Ɗaura. Shuri ɗari, hannu a sama."

Bayan wata shida Auta ta ci jarrabawar shuɗiyar ɗamara, matakin da ke gaba da koriya. Malam da kansa ya ɗaura mata, Mama na ta tafi.

Yara, ku yi wa wahala taurin kai. Amma in babba ya gyara muku kuskure, ku saurara da ladabi.