Tastar da Ba Ta Kama Ba

Wata inbata ce, na'urar nan mai ba da wuta daga batir, ta hana ni tashi daga shago. Kwana da kwanaki ina fama da ita: in na gwada ta yi lafiya lau, in na ɗaure murfi ta mutu. Mai ita kuwa ya rantse gobe ko kayansa ko ofishin 'yan sanda.

Maƙwabta duk sun rufe, sai ga wani dogon mutum a bakin ƙofa, ban ji takunsa ba. Na tura akwatin kayan aikina ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Mai gyara, kana wahalar da kanka," in ji shi, muryarsa kamar rediyon da bai kama tasha ba. "Jar wayar nan ba wuta a cikinta."

"Malam, wa ya aiko ka?"

Ya ɗauki tastata ta gwada wuta, ya dafa bakinta a kan wayar, ya ɗora babban yatsa a gindinta yadda ake yi. Fitilarta ba ta kama ba.

Na karɓa, na ji ta da sanyi kamar daga firji aka ciro ta. Na dafa daidai inda ya dafa, nan take ta kawo ja. Ita tasta, ai jikin mai riƙe da ita ne ke sa ta kama.

Na duba ƙasa, ko takalmin roba ne ya sa. Ba takalmi. A ƙarƙashin tafin ƙafarsa, a sararin da ke tsakaninsa da siminti, ina hango guntun dalmar da na yar ɗazu.

Ya miƙo hannu. "Ba ni in sake gwadawa."