Ranar da Na Ce Na Karɓa

"Wallahi kika kai min ɗa wurin likitan ƙwaƙwalwa, ban yafe ba!"

Inna ce, surukata, tsaye a ƙofar kicin ɗina. Ni kuwa ina riƙe da takardar da aka ba ni a asibiti.

"Inna, ba hauka ba ce fa. Likita ya ce abin da ya gani a fagen yaƙi ne ke dawo masa..."

"Rufe min baki! Namijin da ya shekara goma sha huɗu da bindiga ne zai zauna gaban wani yana kuka? Ƙannensa mata ko aure ba su yi ba, so kike a ce da hauka a danginmu?"

Na ninke takardar na tura ƙarƙashin tiren cokula. Wai ni mai biyayya! Har gobe haushin kaina nake ji.

Kofur nake kiran mijina, shi kuma Kwamanda yake ce min, wai tun da ya ajiye kaki ni ce mai ba shi oda. Shekara biyu da barin aiki, amma bai taɓa zama ya ba ƙofa baya ba. Murfin tukunya ya faɗi, sai in gan shi a ƙasa ya danne ƴarmu da ƙirjinsa, jikinsa na rawa. In ya dawo hayyacinsa ya kasa kallon idona.

"Na ba ku tsoro ko, Kwamanda?"

"Haba masoyina, ba komai..."

Ƙarya nake. Shi ma ya sani.

Kwatsam wani sati sai ga Kofur ya sauya. Yana dariya, yana cin abinci har da neman ƙari. Takalman aikinsa da kullum yake gogewa ya ba maigadin layinmu. Inna har da cewa, "Kin gani? Da yanzu kin tona mana asiri a banza."

Litinin ya koya min haɗa tukunyar gas. Talata ya nuna min inda ake tayar da wuta in ta ɗauke. Laraba ya fito da takardun gida da na makarantar ƴarmu, ya jera su a jaka ɗaya. Alhamis kuwa, ni da ko sifana ban taɓa riƙewa ba, ya sa ni canza tayar mota sau biyu.

"Maimaita in gani, abar ƙaunata."

Na maimaita, hannuna duk baƙin mai. Sai ya miƙe ƙyam ya sara min.

"Kin karɓa, Kwamanda?"

"Na karɓa!" na faɗa ina ƙyalƙyala dariya. Na ɗauka soyayya ce. Wayyo ni!

Asabar da hantsi Sajan ya zo, amininsa da suka yi yaƙi tare. Na ce Kofur ya fita shan iska tun safe. Ina zuba masa shayi ina ba shi labari da alfahari: gas, takardu, taya, har sarawar.

Kofin ya tsaya a hannunsa.

"Ya tambaye ki kin karɓa?"

"Eh mana."

"Kika ce me?"

"Na ce na karɓa. Yaya, lafiya?"

"Innalillahi... Ƙanwata, soja ba ya barin wurin gadi sai ya miƙa wa wani. Miƙa aiki ya yi miki! Kira shi!"

Na kira. Wayar ta yi ƙara a bayana, a kan firji, kusa da makullin mota da zobensa.

Mun neme shi har azahar. Ba zan faɗi yadda aka same shi ba, wannan ni da Ubangijina. Abin da zan faɗa kawai shi ne mun makara.

Kwana uku ina jin Inna tana gaya wa masu ta'aziyya, "Ciwon zuciya ne, farat ɗaya." Idonta ya kumbura, na san ita ma zuciyarta ƙuna take. Amma ranar da matan abokan aikinsa suka cika falon, na kasa daurewa. Na shiga kicin na ɗauko takardar.

"Ba ciwon zuciya ba ne."

"Ke!" Inna ta zabura. "Ki rufa masa asiri!"

"Shekara biyu muna rufa masa asiri, Inna. Yau ga shi mun rufe shi da ƙasa."

Ta buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mata. Ban ji daɗi ba, amma ban janye ba. Na gaya wa matan komai: firgitar, sauƙin da ya zo dare ɗaya, kyautar takalma, jakar takardu. Na ce musu ciwo ne, yana da likita, yana da magani, ni ce na ɓoye takardar.

Sai na ji an damƙe hannuna. Matar Sajan ce.

"Jiya..." ta ce a hankali. "Jiya ya nuna min inda takardun gida suke."

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Sajan ya fahimci Kofur da jimla ɗaya.

"Yana ina yanzu?"

"Yana waje, cikin maza."

Na danƙa mata takardar, na jawo mayafina duk da Inna na kiran sunana.

"Tashi mu je, yau ɗin nan zai ga likita. Kuma ko me zai miƙo miki, don girman Allah kada ki ce kin karɓa!"