Ɓarauniyar Keken Kwararafa

Kubra tana tafe a kan kekenta ta hanyar unguwar Kwararafa a Jos, jakar littattafanta ɗaure a kariya, sai wani dogon saurayi ya faɗo gabanta ya damƙe kan keken da hannu biyu. Saura ƙiris ta kifa.

"Sauka!" ya daka mata tsawa. "Yau Allah ya kama min ɓarawon kekena."

Ta ɗago ta dube shi. Garin katako ne a sumarsa, idanunsa sun yi ja. Duk da tsoron da ya kama ta, sai da ta lura kyakkyawa ne, abin da ya ƙara mata haushi.

"Malam, sake min keke. Saye na yi a wurin Gwadabe, shagonsa na can bayan masallaci."

"Ku ji Hausarta ma," wani ɗan acaɓa ya ce yana dariya. "Wannan ba 'yar ƙasar nan ba ce."

Kafin ta ankara mutane sun zagaye su. Saurayin ya kwantar da keken, ya kankare sabon fentin da farce, ya nuna wata walda a ƙarƙashin sirdi.

"Ga shi nan. Marigayi mahaifina ne ya yi wannan waldar da hannunsa."

"Ɓarauniya!" wani ya faɗa daga baya, saura suka amsa. Saurayin ya kwance jakarta ya ajiye a ƙasa, ya tura kekensa ya tafi, bai ko waiwayo ba.

Kubra 'yar Tamale ce ta ƙasar Gana, ta zo Jos karatun haɗa magunguna a jami'a. A garinsu mace ta hau keke ba abin kallo ba ne, mahaifiyarta ma da shi take zuwa kasuwa. Da ta gaji da rigimar 'yan acaɓa, sai ta sayi nata, ta koyi hawa tuddan Jos da kyar, har ƙafafunta suka saba.

Ran nan tana da jarrabawa. Da ƙafa ta ƙarasa makaranta, ta tarar malami ya rufe ƙofa.

Da ta koma gidan da take haya a unguwar Kabong, Mama Atine mai gidan ta tare ta a tsakar gida, da irin Hausarta ta Jos.

"Kubra, mene ya same ka? Ina keke naka?"

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Mama, an kira ni ɓarauniya a ƙasar da ba ni da kowa. Wallahi sai na rama. Shi da wanda ya sayar min, ba wanda zan ƙyale."

Ba a jima ba saurayin ya zo har gida, yana tura keken, kansa a ƙasa. A wurin 'yan acaɓa ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan.

"Sunana Ashraf, kafinta ne ni a kasuwar Katako. Na je wurin Gwadabe. Dariya ya yi min, ya ce ai baƙuwa ce, wa ta sani da za ta kai wa ƙara? Na zalunce ki, Malama. Ga keken, na bar miki shi. Ki yafe min."

Kubra ta karɓi keken ta jingine shi a bango.

"Keke na karɓa. Yafiya kuwa, ba ni da ita."

Ya roƙi lambar wayarta. Ta ba shi, don ta san amfanin da za ta yi da ita. A wayarta ta adana sunansa da Maƙiyi.

Daga ranar ta canza hanya. Katako ba ya kan hanyarta sosai, amma kullum da safe sai ta bi ta gaban rumfarsa, ta rage gudu, ta kaɗa ƙararrawa har sai kowa ya ɗago. Abokan aikinsa su kwashe da dariya.

"Oga Ashraf, ga ɓarauniyarka nan ta wuce a keken babanka!"

Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goge katako.

Wata yamma ya turo mata saƙo:

"Malama Kubra, na ji ƙarar sarƙar keken yau, tana son mai. Ki bari in zo in gyara miki."

Ta mayar masa: "Zo ka jira ni a ƙofar gida bayan la'asar."

Ya zo. Aka kece da ruwa irin na Jos, mai sanyi har cikin ƙashi. Kubra tana leƙensa ta taga, tana shan shayi, ta ƙi fita. Ya tsaya a wurin har rigarsa ta manne a jikinsa.

"Kai yarinya, ka ji tsoron Allah," in ji Mama Atine. "Yaron mutane zai mutu."

"Ni ma a tsaye aka bar ni, Mama."

Da ta fito daga baya ta tarar ya tafi, amma ya zuba wa sarƙar mai, ya ɗaure birki, ya rufe sirdin da leda don kada ruwa ya jiƙa shi. Ta daɗe tana kallon ledar. Ta cire ta da ƙarfi ta yar, kamar ita ce ta yi mata laifi.

Gwadabe kuwa ba ta manta da shi ba. Ta bi ɗalibai baƙi irinta, 'yan Kamaru da 'yan Nijar, ta gano da yawansu a wurinsa suka sayi keke, don ya san baƙo ba ya son rigima. Ta kira Ashraf.

"Maƙiyi, kana son yafiya? Nemo min duk wanda aka sace wa keke a unguwarku."

"An gama, ranki ya daɗe."

Ranar wata Asabar suka haɗu a gaban shagon Gwadabe, masu kekuna da waɗanda aka sace wa, da 'yan sanda a bayansu. Ana kankare fenti, masu kaya suna gane kayansu. Gwadabe ya fusata ya ɗauki sifana ya yi kan Kubra. Ashraf ya shiga tsakani, ƙarfen ya sauka a goshinsa.

Da aka tura Gwadabe cikin mota, Kubra ta matsa kusa da shi ta ce, "Baƙuwa ce ta kai ka ƙara. Ka gaya wa na ciki."

Ashraf, jini na bin fuskarsa, ya juya ga taron ya ɗaga murya.

"Jama'a, a unguwar nan na kira wannan baiwar Allah ɓarauniya. Ƙarya na yi mata. Ku shaida."

Ita ta wanke masa ciwon da hannunta.

"Da zafi?" ta tambaye shi.

"Bai kai ƙararrawarki zafi ba."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Wannan ce dariyar farko da ya taɓa gani a fuskarta.

Daga nan zance ya canza. Yakan zo Kabong da yamma, su zauna a benci, Mama Atine tana soya dankali a gefe tana yi kamar ba ta ji. Yana kiranta Baƙuwata, ita kuma ta ƙi sauke masa sunan Maƙiyi, sai dai yanzu muryarta takan yi laushi in ta faɗa.

"Baƙuwata," ya rubuto mata wata safiya, "yau ban ji ƙararrawa ba, aiki ya ƙi tafiya. Ki wuce ko sau ɗaya, ki ji tausayin kafinta."

Ta mayar: "Maƙiyina, taya ce ta yi faci. Zo ka karɓi hukuncinka."

Da Ashraf ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa Hajiya Fatimatuzzahra ta ce sam.

"Yarinyar da ba mu san asalinta ba? Mai yawo a keke kamar namiji? Gobe ta ɗauke min kai ta kai ka Gana. Ga Salma 'yar ƙanwata nan. Mace mai hawa keke ba za ta taka min gida ba."

Salma da kanta ta kai wa Kubra wannan magana har ƙofar makaranta, ta ƙara da nata.

"An ma sa mana rana. Tausayinki kawai yake ji, saboda abin da ya yi miki."

Tsohuwar wutar ta sake tashi a zuciyar Kubra. Ba ta tambaye shi ba. Ta zauna a gindin bishiya ta rubuta:

"Ashraf, dama ban taɓa son ka ba. Ramuwa nake yi, kuma na gama. Allah ya ba ku zaman lafiya kai da Salma."

Amsarsa ta zo nan take: "Ba wata rana da aka sa. Amma in ramuwa ce, kin iya. Ta shiga."

Ta karanta ta sake karantawa. Ta yi zaton za ta ji sanyi a ranta, sai ta ji kamar ita aka rama wa. Girman kai ya hana ta kira. Ta daina bi ta Katako.

Ana cikin haka ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki kan farashin mai. Gari ya tsaya cak, ba mota, ba acaɓa, shaguna a rufe. Da hantsi wayarta ta yi ƙara. Ashraf ne.

"Kubra, asmar Umma ta tashi, abin shaƙarta ya ƙare. Ba zan iya barin ta ita kaɗai ba, ba ni da wanda zan aika."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta buga wa Dantong ƙofa, mai kemis ɗin da take koyon aiki a wurinsa, ya buɗe ya ba ta maganin. Ta hau keke ta taka kamar ana bin ta, tudu da gangare, har ƙofar gidan su Ashraf.

A nan ta tsaya. Ta miƙa masa maganin daga waje, tana haki, ta gaya masa yadda zai zaunar da ita ya shaƙa mata.

"Shigo mana!"

"An ce mai keke ba za ta taka gidan nan ba. Yi sauri."

Ta zauna a dakali tana jin tarin Hajiya yana lafawa a hankali. Da ta tabbata numfashi ya dawo, ta miƙe ta kama kekenta. Sai ta ji murya a bayanta.

Hajiya ce, ta dafa bango ta fito har zaure, ba ko mayafi.

"Ke ce Kubra?"

"Ni ce, Hajiya."

"Har da ni a ramuwar?"

Kubra ta sunkuyar da kai. Hawayen da ta riƙe tun ranar Kwararafa suka zubo.

"Na gaji da ita, Umma."

"To shigo. Shigo da keken ma, kada a sace."

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, motar su Ashraf ta kama doguwar hanya zuwa Tamale, da kawunnansa, da Hajiya wadda ta ce ba za a bar ta a baya ba, da Mama Atine rungume da buhun dankalin Jos. Mahaifin Kubra, Malam Shu'aibu, ya so ya ja magana, don bai so 'yarsa ta zauna nesa da shi. Ya ce sharaɗinsa ta gama karatunta.

Hajiya ta ce daga bayan labule, "Malam, karatu sai ta gaji. Ni ba suruka na zo nema ba, 'yata na zo ɗauka."

Malam Shu'aibu ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce a kira liman.

Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da yamma aka kawo amarya gaban mahaifinta, ya ɗora hannunta a na Ashraf.

"Na ba ka ita. Tana da zuciya, ka riga ka sani. Allah ya sanya albarka a tsakaninku, ya ba ku zuri'a tagari, ya sa ƙasarku ta zame mata gida."

Duk ɗakin ya amsa da amin. Ta Mama Atine ta fi ta kowa ƙarfi.